Inna Takalma da Yarinya Mai Cizo

Duk wanda ya taɓa kai yaro ajin nazare na makarantar nan da ke bayan tashar mota ya san Inna Takalma, ko da bai taɓa gaishe ta ba. Kuma da yawa ba su taɓa ba, sukan wuce ta kamar sun wuce bokitin shara. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta ba hamsin da biyar baya, gwiwarta ta hagu sai ta yi ƙara in za ta miƙe. Wurin zamanta wani ɗan bencin yara ne a bakin ƙofar aji, wanda rabin jikinta kawai ke samun wuri a kai. Shekara ashirin da shida ke nan tana kan bencin nan. Shugabanni huɗu sun zo sun tafi a gabanta, malaman ajin kuwa tuni ta daina ƙirga su.

A takardar ɗaukar aiki an rubuta mata mai shara da kula da banɗaki. To, tana sharar. Tana wanke fo, tana share majina, tana canja wa wanda ya jiƙa wando kaya ba tare da kowa a ajin ya sani ba. Amma a je a tambayi duk wanda ya yi ajin nan, har waɗanda yanzu suke da gemu da iyali, abin da zai fara faɗo musu a rai kwando ne.

Kwando ne na roba, babba, shuɗi, irin na zuba wanki. Da safe kowane yaro zai tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, don a kan leda ake zama, ya jefa a ciki. Silifas, kambas, sandal mai maɓalli, mai igiya, ƙafa sittin a cakuɗe. Lokacin tashi Inna za ta kifar da kwandon a tsakar baranda, ta jera yaran bibbiyu a kan dogon benci. Dokarta ɗaya ce: ba mai ɗaukar takalminsa. Na abokin zamanka za ka nemo, shi kuma ya nemo naka. Wanda bai san takalmin abokinsa ba, dole ya juya ya tambaye shi. Wanda aka kawo wa ba nasa ba, dole ya buɗe baki ya faɗa, ba ya yi jifa da shi ba. Mutum biyu kaɗai ke zuwa gaban tsibin takalman a lokaci guda, saura su kama bakinsu su jira. Abin yakan ci minti ashirin cur, iyaye na tsaye suna duba agogo suna tsaki.

"Inna, don Allah miƙo mini nasa mu wuce, ina da wurin zuwa."

"Shi ma yana da wurin zuwa, Baban yaro. Bari abokinsa ya gama."

Ita kanta Inna aji biyu ta yi a duniya. Tana shekara bakwai mahaifiyarta ta kwanta asibiti wata uku, aka bar su da uba wanda ba ya magana sai in zai yi faɗa. Cikin wata ukun nan ta mari yara biyar, ta fasa wa ɗaya baki da marfin kwano. Malamin ajinsu ya yi mata bulala har hannunsa ya gaji. Rannan ya kamo ta ya kai ta har ƙofar gida, ya ce wa uban, "Wannan ba 'yar makaranta ba ce." Uban ya ce to. Shi ke nan. Uwar ta warke ta dawo, amma ba wanda ya sake tayar da maganar. Da malamin da uban da maƙwabta, ba wanda ya durƙusa ya tambaye ta me ke damunta. Ta ce da an tambaya ma ba ta san amsar ba, abin da ta sani kawai ƙirjinta ne yake cika, sai ta ga hannunta ya tashi.

Ta girma tana wanki da raino a gidajen mutane. Ta auri mai gyaran keke, mutumin kirki mai yawan dariya, ta haifi uku, ya rasu ƙaramin yana goye. Wata maƙwabciya ce ta samo mata tsintsiyar makarantar nan. Har yau ba ta iya karanta takarda, amma 'ya'yanta ukun duk sun gama sakandare, kuma ranar da kowanne ya gama sai da ta je da ƙafarta ta ga an miƙa masa takardarsa a hannu, don ba ta yarda da labari ba.

A farkon shekarar da ake magana, Shugabar makarantar ta tafi taron bita na kwana uku, ta dawo da fom. Kada a yi mata rashin adalci, mace ce mai son aikinta, kuma fom ɗin mai kyau ne. An jera abubuwan da ake so ɗan nazare ya koya ban da ABCD da ƙirga: ya iya jiran layi, ya iya raba abin wasa, ya iya neman taimako, ya iya ba da haƙuri, ya lura in wani yana cikin damuwa, ya iya faɗin abin da yake ji da baki maimakon hannu. Gaban kowanne akwai gida uku da malama za ta sa alama: ya iya, yana koyo, bai fara ba. Wa zai ƙi wannan?

Inda aka kwafsa shi ne wajen neman lokaci. Darasin zamantakewa yana buƙatar minti ashirin a rana, jadawalin kuwa a cike yake. Shugaba ta duba ta duba, ta hango minti ashirin da ake ɓatawa a baranda wajen tonon takalma. Aka kira kafinta. Ya ƙera kantar ajiye takalma mai kyau, mai gida talatin, kowane gida da hoton mai shi. Yanzu yaro zai zari takalminsa ya zura, cikin minti biyu baranda ta zama wayam. Minti ashirin ɗin kuma aka mayar da su cikin aji, inda Malama ke ɗaga kwali mai zanen fuska.

"Wannan fuskar mece ce?"

"Fushiii!"

"Wannan fa?"

"Murnaaa!"

Wato abin da yara ke yi da hannunsu kullum aka cire, aka kawo musu hotonsa a kwali. Kuma masu satifiket ne suka zauna a ofis suka yanke wannan, ba wanda ya leƙo baranda ya tambayi matar da ta tsufa a wurin. Aka ce tunda yanzu ba ta da aiki a bakin ƙofa lokacin tashi, ta riƙa zagayawa famfon baya tana wanke kofuna. Inna ta ɗauki kwandonta ta zuba kofunan a ciki.

Cikin yaran shekarar akwai wata 'yar shekara huɗu, siririya mai manyan idanu, uwarta na kiranta Tsuntsuwa saboda ƙin cin abinci. Uwar nas ce, sai ƙarfe biyu take tashi daga aiki, makarantar kuwa sha biyu da rabi ake tashi. Uban direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Don haka kullum Tsuntsuwa ce ta ƙarshen tafiya. Sati biyar da kafa kantar, yarinyar nan ta ciji yara huɗu, cizon gaske mai shatin haƙori. Sunan Tsuntsuwa ya ɓace, iyaye suka koma ce mata Mai Cizo, a gabanta, ba ko kunya.

Famfon baya yana ƙarƙashin tagar ofis, don haka Inna ta ji komai ranar cizo na huɗu. Ta ji uban yaron da aka ciza yana buga tebur yana cewa shi ba gidan karnuka ya kawo ɗansa ba. Ta ji an fitar da shi da ban haƙuri. Sai ta ji muryar Shugaba, a gajiye, tana yi wa Nas magana.

"Na yi iya yina. In ta sake cizon yaro ko ɗaya, sai dai ki nema mata wani wurin. Ba zan iya rasa iyaye talatin saboda ita ba."

Kofin da ke hannun Inna ya suɓuce. Shekara kusan hamsin, amma maganar ba ta canja ba, kaya kawai ta sake.

Nas ta fito ta zagayo famfon don ta wanke fuska kafin 'yarta ta gan ta. Mace ce da ke ɗaure wa mutane rauni kullum ba ta ko ƙifta ido, ga ta nan tana kuka kamar an mare ta.

"Inna, wallahi a gida ba ta cizo. Na yi faɗan, na yi lallashin, har bakin na buge mata. Ina zan kai ta? Nan ce kaɗai a kan hanyar asibiti. Kuma wa zai karɓi yarinyar da aka kora daga nazare?"

"Wanke fuskarki, 'yata. Daina bugun bakin nan, ba a bakin abin yake ba."

"To a ina yake?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Inna. Ba ta saba yin alkawarin abin da ba ta riƙe a hannu ba.

Washegari da aka fita hutun tara, Inna ta sami Malama a aji tana cike fom. Yarinya ce sabuwar fita daga kwaleji, wannan ne aikinta na farko, tana da kirki amma yara talatin sun fi ƙarfinta.

"Malama, littafin nan da kike rubuta laifi, karanta mini na Tsuntsuwa. Ba abin da ta yi ba, wannan na sani. Lokacin."

Malama ta buɗe. "Sha biyu da minti talatin da biyar. Sha biyu da arba'in. Sha biyu da talatin da biyu. Sha biyu da talatin da takwas." Ta ɗago. "Ikon Allah. Duk lokacin tashi ne."

"A ina?"

"A baranda. Gaban kantar takalma."

"Su wa ta ciza?"

Malama ta karanto su. Inna ta gyaɗa kai, don ta san kowa da abokin wasansa kamar yadda ta san takalminsa. Yaron jiya shi ke tura ta a lilo. Ta farkon kuwa, wata 'yar kumatu da ake kira Ɓulɓul, kullum tare suke cin biskit.

"Kin gani? Ba maƙiyanta take cizo ba, masoyanta take cizo. Ana buga ƙararrawa kowa ya zari takalmi ya ɓace, kafin ta ƙifta ido saura ita da nata takalmin ƙafa biyu a kantar. So take ta riƙe mutum, ba ta san da me ake riƙewa ba."

"Amma Inna, a darasi ta fi kowa. Duk fuskar da na ɗaga sai ta faɗa."

"Ta kwali. Kwalin ya taɓa sa takalmi ya tafi ya bar ta?"

Malama ta rufe littafin, ta ce su je ofis tare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ba a tabbatar da ita a aiki ba, kuma ya kamata a faɗa.

Inna ba ta taɓa zama a kujerar ofis ba, ranar ma a tsaye ta yi maganarta. Ta gaida Shugaba yadda ya kamata, sannan ta ce a dawo mata da kwandonta.

"Haba Inna. Mun wuce nan. Yanzu muna da manufofi a rubuce."

"Ranki ya daɗe, a karanta mini su. Ni ban iya ba."

Shugaba ta miƙa wa Malama fom ɗin, da alama don ta gama da maganar cikin mutunci.

"Ya iya jiran layi."

"Kwando," in ji Inna.

"Ya iya neman taimako."

"Kwando."

"Ya lura in wani yana cikin damuwa."

"Wanda aka rasa masa ƙafa ɗaya yana kuka, benci duka ke tashi nema. Kwando."

"Ya iya ba da haƙuri."

"Ka kawo wa mutum takalmin mace yana namiji ka ga ko ba za ka ba da haƙuri ba."

Malama ta danne dariya da fom ɗin. Shugaba ta cire tabarau ta murza ido.

"Inna, kantar nan sati biyu kafinta ya yi yana yin ta."

"Kanta ce mai kyau, Allah ya sa masa albarka. A sa gorunan ruwa a ciki."

Shugaba ta daɗe tana kallon lokutan da ke cikin littafin da Malama ta miƙa mata. Ba ta ce ta yi kuskure ba, manya ba su cika faɗa ba. Abin da ta ce shi ne saura sati uku a rufe zango, a gwada. Amma maganarta tana nan: yaro ɗaya aka sake ciza, an gama.

Ran Litinin kwando ya dawo baranda. Iyaye suka dawo da tsakinsu. Inna ta ƙara abu ɗaya a tsarin: ta ba Tsuntsuwa muƙami. Ita ce mai rakiya. In ta gama nemo wa abokiyar zamanta Ɓulɓul takalmi, za ta zo ta tsaya tsakanin gwiwoyin Inna a bakin matakala, duk wanda zai fita ta ce masa sai gobe. Ta haka ba ɓacewa suke yi ba, ita ke sallamarsu, ɗaya bayan ɗaya. Ta haka kuma hannun Inna yana zagaye da cikinta, tana jin lokacin da jikin ya fara sanƙarewa.

Kwana biyu lafiya. Ran Laraba yaron lilo ya zo wucewa, bai ko kalle ta ba, don tun cizon nan tsoronta yake ji. Inna ta ji cikin yarinyar ya ɗaure kamar igiya, ta ga kai ya yi gaba. Ta tare da damtsenta. Haƙora suka shige.

Duk wanda bai taɓa shan cizon ɗan shekara huɗu ba kada ya yi musu, har ƙwaƙwalwa ake jin sa. Inna ba ta fizge ba, ba ta daka tsawa ba. Ta jira aka saki, ta juyo da yarinyar suna fuskantar juna, ta nuna mata wurin da jini ya fara tsattsafowa.

"Kin ga wannan? Ya yi mini zafi. Ina jin zafi sosai. Kin ji na faɗa miki da baki?"

Yarinyar tana haki, idanu a waje.

"Ke ma wani wuri ke miki zafi. Nuna mini."

Can yarinyar ta ɗora hannu a ƙirji.

"Nan ne? Ya cika kamar zai fashe?" Ta gyaɗa kai. "Na san shi. Ni ma ina da irinsa. Sunansa ban so ka tafi. In ya zo, sunansa za ki kira. Ce, ban so ka tafi."

Ba ta ce ba. Ta cusa kai cikin zanen Inna ta yi lamo.

Malama tana tsaye da littafi a hannu, fuskarta duk ta yi wani iri. "Inna, in rubuta?"

"Rubuta mana, ƙarya za mu fara? Amma ki rubuta daidai. Shugaba yaro ta ce. Ki dube ni da kyau, na yi miki kama da yaro?"

Haka aka rubuta, haka aka kai ofis. Shugaba ta karanta, ta fito da kanta ta duba damtsen, ta ce Inna ta je a yi mata allura. Ta koma ofis. Nas ce ta wanke ciwon da ta zo ɗaukar 'yarta, tana ta ba da haƙuri har Inna ta ce ya isa haka, ciwon take so a ɗaure ba kunnenta ba.

Daga ranar, awa ɗaya da rabi da suke yi su biyu bayan kowa ya watse ta zama makaranta. Inna tana shara, Tsuntsuwa tana riƙe da abin kwasa. Sai Inna ta ɗauki jakarta ta yi kamar za ta fita.

"To, ni na tafi."

Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo.

"Na tafi fa. Ba mai magana? Shi ke nan, ashe ba a so na."

Sati na farko yarinyar zanen kawai take damƙewa. A na biyu ta fara motsa baki. Ranar da maganar ta fito, can ƙasa kamar kukan sauro, Inna ta ajiye jaka ta zauna daram a ƙasa, gwiwa na ƙara. "To na fasa. Kin ga yadda yake aiki?" Amma ba ta yi mata ƙarya ba, ta gaya mata wani lokacin za ki faɗa kuma mutum ya tafi, don babansa na jira. Zafin zai zo, a yi kuka, ya wuce. Kuka ba laifi ba ne a barandarta.

Da Inna kaɗai take iya faɗa. Da yara kuwa har yanzu sai dai jiki ya sanƙare, hannun Inna ya matse. Kuma Inna ta sani sarai ba za ta bi ta aji na gaba da damtse ba.

Ran Alhamis ta satin ƙarshe, Shugaba ta fito baranda lokacin tashi, don washegari za a raba fom kuma tana so ta gani da idonta. Ana cikin tonon takalma wani yaro ya yi amai a ƙarshen benci, kamar yadda yara suka saba zaɓar lokaci. Inna ta miƙe ta nufe shi, don ba mai yi sai ita. A daidai nan baban Ɓulɓul ya shigo a gaggauce, makullin mota a hannu.

"Ɓulɓul, taso! Ke, ba ta takalminta mu tafi."

Tsuntsuwa tana tsaye gaban tsibin da jan sandal ɗin ƙawarta a hannu. Ba ta miƙa ba. Ɓulɓul ta sauko daga benci ta kama ɗaya gefen ta ja. Daga inda Inna take durƙushe da tsumma, taku goma ne, kuma gwiwarta ba ta taku goma da sauri. Ta ga kafaɗun sun ɗaga, ta ga bakin ya buɗe, ga hannun Ɓulɓul mai taushi dab da shi. Malama ta yunƙura. Shugaba ta riƙe numfashi. Inna ba ta kira sunanta ba, ta dai ɗora hannu a kan nata ƙirjin, inda yarinyar za ta gani in ta waiwayo.

Ba ta ma waiwayo ba.

"Ban so ki tafi!"

Da ƙarfi ta faɗa, har maigadi ya leƙo. Ɓulɓul ta saki sandal ɗin ta dube ta da mamaki.

"To ai gobe zan dawo. Kullum ma ina dawowa."

"Ban so!"

"Baba, wai ba ta so in tafi."

Mutumin nan da ya shigo kamar ana binsa, wanda 'yarsa ce aka fara ciza, ya tsaya yana kallon yarinyar da ya sha kira Mai Cizo tana kuka shaɓe-shaɓe, takalmin 'yarsa a ƙirjinta. Ya sa makullin a aljihu.

"To, sa mata a hankali. Ina jira."

Tana kuka ta durƙusa, tana kuka ta sa mata, ƙafar hagu a dama, aka cire aka gyara. Ta raka ta bakin matakala ta ce sai gobe cikin shessheƙa. Sannan ta juyo da gudu ta faɗa jikin Inna, da tsumman aman da komai.

Shugaba ta juya ga Malama. "A wane gida kika sa ta a layin nan na faɗa da baki?"

"Bai fara ba, ranki ya daɗe. Da fensir."

"Goge. Sa tana koyo." Ta ɗan tsaya. "Ki gaya wa uwarta ta kawo ta zango mai zuwa."

Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta yi godiya ba, aman take gogewa. Sai da aka watse ta zagaya famfon baya ta daɗe tana wanke hannun da ya riga ya fita.

Fom ɗin da aka ba Nas washegari yana ɗauke da sa hannun Malama da hatimin Shugaba. Ba layin mai shara a jiki, ba a taɓa yin fom mai irin wannan layin ba, kuma wannan abin haushi ne komai yadda aka juya shi. Nas ta karanta a tsaye, ta ninke, ta zo ta durƙusa har ƙasa gaban ɗan bencin nan da fararen kayanta, a gaban iyayen da ke duba agogo.

"Inna, ban san da bakin da zan gode miki ba."

"Tashi kar ki ɓata kayan aiki. Ki dai riƙa gaya mata ƙarfe nawa za ki zo, ki kuma zo a lokacin. In za ki makara, ki kira Malama a gaya mata. Yaro yana iya jira in ya san abin da yake jira."

Yanzu Tsuntsuwa tana aji uku na firamare, ta wuce inda Inna ta tsaya. Ba ta zama waliyyiya ba, bara ma ta ture wata a layin famfo, aka kira uwarta. Amma ba ta sake cizo ba. Kantar kafinta tana nan cike da gorunan ruwa, ta yi kyau da su. Darasin kwali an mayar da shi safiya, minti biyar. Nas kuwa duk wata sai ta zo da man shafawa na gwiwa, ta zauna a matakala ta murza wa Inna da hannunta, Inna na mita wai an mayar da ita tsohuwa.

Shatin haƙoran yana nan a damtsenta, ƙanana, a jere. Sababbin yara sukan taɓa su tambaya ko kare ne.

"Ba kare ba ne, wata ƙawata ce," in ji ta. "Kai, ajiye wannan, naka ne. Na abokinka na ce ka nemo."